Gadar Pegasus, Tsohuwa da Sabuwa

A arewacin ƙasar Faransa, cikin lardin da a ke kira Normandi, akwai wani ƙauye sunansa Bénouville. In ka je can da bazara za ka tarar da motocin baƙi jere a bakin hanya, mutane na ta ɗaukar hoton wata gadar ƙarfe mai launin toka, ga allo a gindinta an rubuta Pegasus. Da yawa cikinsu sukan koma gida suna murna, wai sun taka gadar da sojan Ingila suka ƙwace daren 6 ga Yuni 1944. Alhali kuwa wadda suka taka ɗin sai a 1994 aka gama ta, shekara 50 bayan an yi faɗan. Ta ainihin tana nan kusa, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa, an kwantar da ita cikin wani lambu, ba jirgin da ke wucewa ƙarƙashinta. Yadda aka yi gada guda ta zama biyu, shi ne labarin da za mu bayar.

Sai mu fara da ruwan, gama ba domin shi ba da ba a yi gadar ba. Babban birnin wannan yanki shi ne Caen, Faransawa na furta sunan kamar "Kan". Tsohon birni ne. A nan aka binne Sarki William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma da farin dutsen da a ke fasawa a kewayensa aka yi waɗansu manyan gine-gine na Landan da Canterbury. Tsakanin Caen da teku wajen mil 9 ne, kogin Orne ya haɗa su. Amma Orne kogi ne mai kwana-kwana, ga yashi ga laka, ruwansa kuma yana bin hawa da saukar teku, jirgi ya shigo da safe ya kafe da yamma. Saboda haka aka haƙa wata miƙaƙƙiyar hanyar ruwa a gefen kogin, daga Caen har Ouistreham a bakin teku, aka buɗe ta a 1857. Irin wannan kogi na haƙa shi a ke ce wa mashigi, kamar na Suez, sai dai wannan ƙarami ne ƙwarai. A bakinsa akwai ƙyamaren ƙarfe masu tare ruwa, don zurfinsa ya zauna daidai ko teku ta janye.

Mashigin ya haɗa birni da teku, amma ya raba ƙauye da ƙauye. Mutumin Bénouville da ke yamma, in zai je Ranville da ke gabas, yanzu ruwa biyu zai ƙetare, mashigi tukuna sa'an nan kogi, tsakaninsu bai kai rabin mil ba. Ƙasar wurin kuwa fadama ce shimfiɗaɗɗiya. In an ce a yi gada mai tsayin da jirgin ruwa zai wuce ƙarƙashinta, sai an tara tudu mai nisa a kowane gefe, abin ya fi ƙarfin ƙaramar hanya irin wannan. Dabarar da ta rage ita ce gada mai kaucewa. Da fari aka yi mai juyawa gefe kamar ƙyaure. Da jirage suka ƙara girma, sai a 1934 aka kafa wadda mu ke magana a kanta, mai ɗaga kai sama.

Wanda ya taɓa ganin jigo a lambu ya riga ya san rabin asirinta. Mai lambu yakan ɗaura guga a kan doguwar sanda, ya liƙa curin laka ko dutse a gindinta, ya rataya ta bisa gwafa. Nauyin lakar nan shi ke ɗauko ruwa, hannun mutum taimako kawai ya ke yi, shi ya sa ko yaro ya iya wuni yana ban ruwa. To, haka gadar ta ke. Doguwar sandar ita ce daɓen da motoci ke bi. Curin lakar kuwa wani ƙaton akwati ne na ƙarfe mai nauyin gaske, an ɗora shi can sama a gindin gadar, motoci na wucewa ta ƙarƙashinsa. An auna nauyin nan biyu har sun kusa zama daidai, don haka inji madaidaici ya isa ya tā da ita.

Sauran rabin asirin na wani injiniya ne na birnin Shikago a Amurka, William Scherzer, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1893. Jigo a wuri guda ya ke juyawa. Ita gadar Scherzer an lanƙwasa gindinta kamar gindin ƙwarya, an aza shi bisa dogo mai haƙora. In ka ajiye ƙwarya a ƙasa ka danna bakinta ta gefenka, za ka ga ɗaya gefen ya tashi, ita kuma ta ɗan mirgino wajenka. Haka gadar ke yi, tana tashi tana ja da baya, ta bar wa jirgi ruwan duka, ba wani ginshiƙi a tsakiya da zai tsare masa hanya. Shekara 10 ta yi tana wannan aiki, ba wanda ya damu da ita sai matuƙan jirage da manoman da ke tsayawa suna jira ta sauko.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, wanda Hausawa ke kira yaƙin Hitila. Jamus ta mamaye Faransa a 1940. Shekara huɗu bayan haka Ingila da Amurka da Kanada suka shirya ƙetaro teku su sauke rundunoninsu a gaɓar Normandi, a wurare biyar da suka bazu kamar mil 50. Na ƙarshe daga gabas, wanda suka laƙaba wa suna Sword, ya ƙare ne daidai Ouistreham, bakin mashiginmu. Watau mashigin da kogin su suka zama ganuwar gabas ta fagen fama duka, kuma daga Caen har teku ba inda mota za ta ƙetare su sai ta gadojin nan biyu na Bénouville da Ranville.

Duba wuyar al'amarin. In aka bar gadojin a hannun Jamusawa, tankokinsu za su ƙetaro su auka wa masu sauka daga jirage ta kuiɓi, tun ba su bushe ba. In kuwa aka bari Jamusawa suka fasa su, to, rundunar 'yan laima ta 6 ta Ingila, wadda za a zuba gabas da kogin a wannan dare, ta shiga uku: abokan gāba a gabanta, ruwa biyu a bayanta, ba hanyar da harsashi ko abinci zai iske ta. Karya gada a yaƙi abu ne mai sauƙi. Kama ta da rai shi ne aiki, domin mai gadinta minti guda ya ishe shi ya tā da nakiya.

Aka ɗora wa wani hafsa wannan kaya, Manjo John Howard, ɗan talakawan Landan, wanda ya fara soja daga kurtu, ya kuma taɓa aikin ɗan sanda a Oxford. Aka ga ba za a aike shi da laima ba, don iska takan warwatsa 'yan laima, kafin su tattaru gada ta tashi. Sai aka zaɓi wani irin jirgin sama na katako marar inji, sunansa Horsa, wanda kafintoci masu yin kujeru da tebura ke sassaƙa sassansa. Babban jirgi ke jansa da igiya, in an kusa wurin a sake shi, ya sauko yana shawagi kamar shirwa, ba ƙara ba fitila, ya dire da mutum wajen 30 wuri ɗaya. Aibinsa guda ne: in matuƙi ya kuskure ba dama ya tashi ya sāke. Mutanen Howard suka yi ta gwaji dare da rana a kusa da Exeter a Ingila, inda aka sami waɗansu gadoji biyu, ɗaya bisa mashigi ɗaya bisa kogi, masu kama da na Normandi. Labarin wurin kuwa yana zuwa musu daga hotunan da jiragen leƙen asiri ke ɗaukowa, da kuma daga bakin mutanen ƙauyen. A gindin gadar ta yamma akwai wani ɗan gidan shan gahawa na Georges Gondrée. Matarsa Thérèse mutuniyar Alsace ce, tana jin Jamusanci sarai, amma ba ta taɓa nuna wa sojan da ke shigowa ba. Abin da ta ji sai ya bi hannu da hannu har ya kai Ingila.

Daren 5 ga Yuni, ƙarfe 11 saura kaɗan, jirage shida suka tashi daga filin Tarrant Rushton da mutum 181, uku don gadar mashigi uku don ta kogi. Aka sake su a kan gaɓar Faransa jim kaɗan bayan tsakar dare. Matuƙin na farko, Saje Jim Wallwork, da agogo da kamfas ya bi hanya cikin duhu, yana ƙirga daƙiƙa yana juyawa inda aka koya masa. Ƙarfe 12 da minti 16 ya buga ƙasa, jirgin ya yi ta jan ciki yana tartsatsi, har ya cusa hancinsa cikin wayar ƙaya, yadi 47 daga gadar. Ƙarfin tsayawar ya jefo shi da mataimakinsa waje ta gaban jirgin. Shi Howard ya buɗe ido bai ga kome ba, ya zaci ya makance, ashe hular kwano ce ta rufe masa fuska. Na biyu da na uku suka sauka a bayansa, minti guda guda tsakaninsu. Na ukun ya dāre a bakin wani tafki, wani ƙaramin kofur, Fred Greenhalgh, ya faɗa ciki ya nutse.

Jamusawan da ke tsaron wurin kamar 50 ne. Masu gadi sun ji ƙarar, amma suka ɗauka ɓaraguzan wani jirgin bom ne da aka harbo, don a lokacin ana ta ruwan bom a Caen. Kafin su farga sai ga mutane baƙi ƙirin da shunin fuska sun fito daga duhu a guje. Waɗansu suka jefa gurneti cikin ɗakin siminti da ke bakin gadar, waɗansu suka bi Laftana Den Brotheridge suka hau kanta suna harbi. Ya kusa kai wa ɗaya ƙarshen sai harsashi ya same shi a wuya, ya faɗi, bai kai safe ba. Shi a ke lissafawa farkon wanda abokan gāba suka kashe cikin dukan rundunar da ta sauka ran nan. Ya bar matarsa da tsohon ciki. Kabarinsa na nan a harabar majami'ar Ranville.

Cikin minti 10 ko kusa da haka an gama. Sojan injiniya suka rarrafa ƙarƙashin gadar suna lalube suna yanke waya, suka tarar an shirya gurbin nakiya amma ba a sa ta ba, tana ajiye a wata rumfa kusa. A gadar kogi jirage biyu ne suka iso, na ukun ya ɓace ya sauka can wajen kogin Dives, amma biyun sun wadatar. Mai wayar iska ya yi ta maimaita kalmomin asiri biyu da aka shirya, Ham da Jam, sunayen abincin Turawa ne, ma'anarsu an kama gadojin duka biyu lafiya. Mutum biyu suka mutu, 14 suka yi rauni.

Kamawa dabam, riƙewa dabam. Wajen ƙarfe 1 da rabi suka ji rugugin motocin yaƙi masu sulke suna gangarowa daga cikin ƙauyen. Makamin fasa sulke guda ɗaya tak ya rage musu mai aiki, wata bindiga mai taurin kai da a ke kira PIAT, wadda ba ta cin nesa, kuma in ka kuskure da wuya ka sami zarafin ɗura ta kuma. Saje Charles Thornton ya kwanta da ita a bakin mararraba, ya bari ta gaban ta matso sosai, ya saki. Ta kama da wuta, harsasan da ke cikinta suka yi ta fashewa wajen awa guda. Na bayanta suka zaci wata babbar runduna ce da igwa, suka juya. Can kudu maso gabas da Caen kuwa wani hafsan tankokin Jamus, Hans von Luck, ya kwana yana jiran iznin kai hari daga manyansa, izni bai zo ba sai da rana ta yi. Kafin asuba bataliyar 'yan laima ta 7 ta iso ta ƙarfafa su. Da gari ya waye aka yi ta harbinsu daga nesa, har wani jirgin saman Jamus ya saki bom ya sami gadar daidai, amma bai fashe ba, ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Wajen ƙarfe 1 na rana suka ji wani sauti daga wajen teku, algaitar mutanen Sikotlan mai salka. Sojan Lord Lovat ne suka iso daga gaɓa, mabushinsa Bill Millin na tafe yana busa. Shi kuwa Gondrée ya shiga lambunsa ya tono kwalaben giyar da ya binne tun shigowar Jamusawa, ya yi ta rabawa.

Ba da daɗewa ba aka kafa allo aka sāke wa gadar suna. Tambarin da sojan sama na Ingila ke ɗinkawa a kafaɗa hoton wani doki ne mai fukafukai na tatsuniyar Girkawa, Pegasus, da mahayinsa riƙe da māshi. Gadar mashigi ta ci sunan dokin, ta kogi ta ci sunan jirgin katakon, Horsa. Kada mai karatu ya ɗauka daga nan yaƙi ya yi sauƙi. Caen da aka yi niyyar kamawa ran farko ba a shige ta ba sai cikin Yuli, bayan bom ya mai da yawancin birnin kufai, ya kashe mutanen gari fiye da dubu.

Da aka yi sulhu gadar ta koma bakin aikinta, tana tashi tana sauka, sai dai yanzu ta yi suna. A 1962 aka fito da wani shahararren sinima na yaƙin Normandi, The Longest Day, a kan gadar kanta aka ɗauki wannan sashe. Wanda ya fito a matsayin Howard, Richard Todd, shi ma hafsa ne a bataliyar 'yan laimar da ta kawo gudummawa a daren. Kowace shekara Howard da mutanensa sukan dawo ran 5 ga Yuni su tsaya a wurin da tsakar dare. Har ma daga baya ya yi abota da von Luck, suna zuwa tare suna yi wa ɗaliban soja na ƙasar Suwidin bayani, kowa na faɗin yadda abin ya kasance ta gefensa. Da ya ke uwargida Gondrée ba ta ƙaunar ganin Bajamushe a gidanta, Howard sai ya ce mata abokin nan nasa mutumin Suwidin ne.

Amma mashigi bai san tarihi ba, jirage ya sani. Tun farkon shekarun 1960 aka ƙara faɗinsa, gadar ta gaza, aka yi mata ƙari na kamar ƙafa 16. Wannan abin lura ne, don ya nuna ko a lokacin da tsofaffin sojan ke zuwa suna shafa ƙarfenta, ba daidai ta ke da yadda suka bar ta ba. Kwanci tashi motoci suka yi yawa, manyan motocin kaya suka ƙara nauyi, jiragen da ke neman shiga Caen suka ƙara ƙiba, ita kuwa gadar ta kusa shekara 60 tana shan iskar gishiri. Hukumomin wurin suka yanke shawara a cire ta a sa sabuwa, wadda ta fi ta tsawo da faɗi da ƙarfi.

Ƙarshen 1993 aka cire ta, saura 'yan watanni a yi bikin cika shekara 50. Tsofaffin sojan suka yi kuka, Howard na gabansu, jaridun Ingila suka ɗauka. Abin da suka roƙa ba shi da yawa: ko dai a bar ta, ko a jinkirta har biki ya wuce, don yawancinsu sun haura 70, sun san wannan ne babban taro na ƙarshe da za su gani da ƙafafunsu. Ba a jinkirta ba. Abin da aka yi musu shi ne aka ƙera sabuwar bisa fasalin tsohuwar, irin ta Scherzer, da akwatin nauyinta a sama da launinta na toka, har wanda bai sani ba ba zai rarrabe ba. A kanta aka yi bikin 1994. Tsohuwar kuwa aka jawo ta gefe aka yar a wani fili da ba kowa, ciyawa ta tsiro kewaye da ita, tsatsa ta kama aikinta.

A ganina mutanen Caen ba su yi laifi ba da suka nemi sabuwar gada. Birnin da aka rushe don a 'yantar da shi yana da hakkin ya ci abinci, tashar jiragensa kuwa tana cikin hanyoyin abincinsa, balle a shekarar nan ta 1993 ce aka rufe babbar masana'antar ƙarfen da ke bakin birnin, mutane da yawa suka rasa aiki. Ba a ce wa mai gida ya zauna cikin ɗaki mai yoyo don baƙo ya taɓa kwana a ciki. Inda suka kāsa shi ne sun cire ta ba su tanadi inda za su kai ta ba. Shekara wajen shida ta yi a yashe, mutanen da suka yi jini a kanta suna zuwa suna leƙenta daga bakin hanya.

Waɗanda suka cece ta su ne kwamitin tunawa da ranar saukar Normandi, wanda wani Bafaranshe, Raymond Triboulet, ya kafa tun 1945, tare da ƙungiyoyin tsofaffin sojan Ingila. Dā ma akwai wani ƙaramin gidan tarihi da aka buɗe a 1974 kusa da gidan Gondrée, aka rufe shi a 1997, kayansa na neman wurin zama. Sai aka haɗa buƙatun biyu, aka sami fili a gefen Ranville, tsakanin mashigi da kogi, aka gina sabon gida. Gadar kuwa aka sayar wa masu gidan a kan faran ɗaya, kuɗin Faransa na lokacin, don dai a ce an yi ciniki.

Gyaran tsohon ƙarfe aiki ne sananne. A kankare tsatsa da mataccen fenti har ƙarfe ya fito fes, a bi ƙusoshin da aka dasa da zafi a ga waɗanda suka ci, a shafa fentin kāriya, kāna a mai da launin asali. Amma a nan akwai wani tarko. Maƙerin kirki in an kawo masa tukunya mai huda liƙewa zai yi, in ta lotsa ya buge ta ta miƙe, ya mayar wa mai ita kamar sabuwa. A wannan gada kuwa hudar ita ce dukiyar. Da an cike ramukan harsashi an daddale inda ɓaraguzai suka caccaka, da an sami kyakkyawar gada wadda ba ta da abin faɗi, ga kuwa irinta can bisa ruwa tana aiki. Don haka aka tsai da tsatsa aka bar tabo. Yau in ka shiga lambun za ka hau daɓenta ka taka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ga ramukan da idonka.

Ran 4 ga Yuni 2000 Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022, ya buɗe gidan, sunansa Mémorial Pegasus. Howard bai gani ba, ya rasu cikin Mayu 1999, yana da shekara 86, gadar na kwance a fili.

Abu guda ne masu gyara ba su iya mayar mata ba, shi ne motsi. Gada mai ɗagawa da ba ta ɗagawa kamar jigo ne da aka tuge daga bakin rijiya aka jingine a zaure: kana ganin sanda da gwafa da curin laka, amma sai an gaya maka abin da su ke yi. Wanda ke son ya gane dabarar Scherzer sai ya fita daga gidan tarihin ya je bakin mashigi ya jira jirgi, ya ga an tsai da motoci, sabuwar ta mirgina baya ta miƙe tsaye. Ita ce ta gāji aikin da wurin da sunan. Tsohuwar ta tsira da ƙarfenta da tabonta. Duk da haka ta fi 'yar'uwarta sa'a: gadar Horsa ta kogin Orne, wadda aka kama a dare ɗaya da ita, an rushe ta tun 1971 aka yi wata a gurbinta, sai ɗan abin da ya saura na gindinta.

A 2004, lokacin bikin shekara 60, aka kawo wani jirgin Horsa da aka sassaƙa sabo bisa fasalin na dā, aka ajiye shi cikin lambun kusa da tsohuwar gadar. Jim Wallwork, yana da shekara 84, ya zo buɗe shi. Taron tsakar dare kuwa har yanzu a bakin ruwa a ke yinsa kowace shekara, gindin sabuwar gadar, kusa da mutum-mutumin Howard da duwatsu uku da aka kafa a inda jiragen nan uku suka tsaya.